Tukunyar lantarki mai famfo: abin da na gani bayan shekara guda ina dafa zoɓo da kunun zaƙi da ita

Ƙanena ne ya kawo mini ita daga Kano, saura kwana goma a kama azumin 2025. Ya sauke kwalin a tsakar gida ya ce, "Yaya, daga yau kin huta da hayaƙi." Na daɗe ina yin zoɓo da ruwan citta da na tsamiya da kunun zaƙi a gidanmu na Sabon Gari, nan Damagaram, yara suna kai wa masu shaguna har bakin Kasuwar Dole. Duk a kan itace nake yi, kuma idona ya fara gajiya. Kuɗin tukunyar ya kusa na ƙaramar firiza, don haka ban ɗauke ta da wasa ba.

Gara in faɗi asalinta tun yanzu, don matan da ke zuwa gani ita ce tambayarsu ta farko. An ƙera ta ne don mutanen Turai da Amurka masu haɗa giya a gidajensu. Maigidana ya ɗan ja baya da jin haka, sai da muka zauna da takardar da ta zo da ita muka fahimci aikinta. Ita dai dafa ruwa take yi, ta riƙe shi a zafin da aka ce mata, ta kuma juya shi. Abin da ke cikinta a wannan mataki ruwan tsiron sha'ir ne mai zaƙi. Maye ba ya samuwa sai an kwashe shi zuwa wani mazubi daban, an zuba yis, an bar shi kwanaki. Tawa sabuwa ce fil daga leda, ba ta taɓa ganin sha'ir ba, kuma a gidan nan ba za ta gani ba.

Doguwa ce, ta ƙarfen inoks wanda ba ya tsatsa, tana cin lita 35. A ƙarƙashin gindinta akwai ƙarafan zafi biyu a ɓoye, ɗaya wat 1900, ɗaya wat 500, kowanne da makunninsa. Akwai kwandon ƙarfe mai ƙananan huda da ke shiga ciki, da ɗan famfo da ke jan ruwa daga ƙasa ya zubo shi ta sama, da allon da ke nuna zafi, da kuma nannaɗaɗɗen bututu na sanyaya abin da aka dafa.

Ranar farko ko minti goma ba ta yi ba gidan ya yi ɗif. Kontar gidanmu, wato mitar wuta, ta kilowat 3 ce. Tukunyar kaɗai, in an kunna ƙarafan biyu, tana jan wat 2400, wato kusan amfiya 11. Da firiza ta tashi, ga fankoki suna juyawa, sai dijontar, makunnin da ke yanke wutar gida in an yi mata nauyi, ta faɗi. Na tayar, ta sake faɗuwa. Da na je cire wayar sai na ji ralanj ɗin, wato wayar ƙari da na jona ta, ya yi zafi har robarsa ta yi laushi. Nan na tsorata, na aika aka kira mai gyaran wutar unguwarmu.

Ya duba ya girgiza kai. "Hajiya, wannan ralanj na cajin waya ne da talabijin. Allah ne ya kiyaye." Ya ja mata waya tata ta kanta mai kaurin milimita 2.5 tun daga allon wuta har madafa, ya sa soket mai ɗaukar amfiya 16. Sannan ya yi abin da nake roƙon duk wadda za ta sayi irin wannan tukunya ta yi kafin ta zuba ko ɗigon ruwa: ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa wayar ƙasa, ya kuma sa ƙaramar dijontar ta kariya mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin ƙarfe. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa ko kaɗan. Tukunya ce ta ƙarfe cike da ruwa, ke kuma kina tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, yara suna kewaya. Ban yarda a yi tsimi a nan ba.

Shi ne kuma ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai daga baya. Da safe lita 25 kan tafasa cikin kamar awa guda, da yamma kuwa sai ta ja awa ɗaya da rabi, har na fara zargin wani ƙarfen ya mutu. Ya auna wutar bayan magariba, ta sauko wajen bolt 190. Ya ce an lissafa wat 2400 ɗin ne a kan bolt 230, kuma ƙarfin zafi yana faɗuwa fiye da yadda bolt ke faɗuwa, don a 190 abin da ke isa tukunyar bai kai wat 1700 ba. Ba abin da ya lalace. Na mayar da dahuwa bayan sallar asuba, lokacin wuta na da ƙarfi, ina kashe firiza na awa ɗaya, in ta tafasa in bar babban ƙarfen shi kaɗai. Tela ya ɗinka mata riga mai auduga a ciki, mai igiyar ɗaurewa, wadda ta tsaya sama da ramukan iska na ƙasa. Kada a rufe ramukan nan, ta nan allon ke shan iska. Rigar ta fi amfani a lokacin hunturu, in iska na kaɗawa a tsakar gida.

Akwai wani abu ƙarami da ya sa na yi ta jira a banza. Allon ba ya taɓa nuna 100. Ruwa na ta ɓararraka, shi yana kan 98 ko 99. Ashe Damagaram ta ɗara teku da mita ɗari huɗu da wani abu, kuma iya tudun wuri iya saurin tafasar ruwa a ƙasa da digiri 100. In kin ga 98 ruwa na birgima, ya tafasa.

A zoɓo tukunyar nan ta biya ni kuɗina. Ina zuba busasshen zoɓo da citta da kanumfari a kwandon, in sa digiri 85, in kunna famfo ya yi ta zagaya ruwan ta cikinsu na rabin awa. Sai in ɗaga kwandon in dora shi a bakin tukunya ya tsane da kansa. Ba tata da ƙyalle, ba ƙona hannu. Launin ya fi wanda nake samu a kan itace, ja ne mai haske, domin doguwar tafasa ce ke dusar da jan zoɓo ta mayar da shi kamar ƙasa-ƙasa. Ga shi tsamin zoɓo ba ya cin inoks yadda yake cin tukunyar alminiyom. Masu shaguna biyu sun tambaye ni ko na canza wurin sayen zoɓo, alhali buhun nan ne dai.

Famfon yana da halinsa. Irin mai juyawa da maganaɗisu ne, ba ya iya jan ruwa in akwai iska a cikinsa, kuma ba ya son a kunna shi a bushe. In ya yi ƙara ba ruwa, a kashe, a jira kaɗan, a buɗe bakin bututun gaba ɗaya, a sake kunnawa. Sau biyu ya toshe mini, duka da zaren citta da ƴaƴan tsamiya. Karo na farko sai da muka kwashe ruwan, muka cire wuta, muka kifa tukunyar, muka kwance murfin gindi, muka buɗe kan famfon muka ciro zaren da ya naɗe fiffikensa. Daga nan na ɗinka jaka da farin ƙyallen tata mai faɗin kwandon, komai sai ya shiga jakar kafin ya shiga kwando. Tun ranar bai sake toshewa ba. Sukari kuwa sai an kashe wuta ake zubawa, ana motsawa, in ba haka ba ya kwanta a gindi ya ƙone.

Kunun zaƙi ne ya wahalar da ni, shi ne kuma ya koya mini abin da tukunyar ta fi iyawa.

Na fara da zuba gasarar gero kai tsaye a ciki. Cikin minti kaɗan ta kama gindi, wari ya tashi, tukunyar ta mutu gaba ɗaya, allo ya yi baƙi. Na ɗauka ta tafi ke nan. Ashe akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashinta da ke yanke wuta in farantin gindi ya yi zafi fiye da kima, don kada ƙarfen ya ƙone. Sai ta huce, an kankare ƙonon, an danna shi, sannan ta farfaɗo. Dalilin a fili yake in an yi tunani. Waɗanda suka ƙera ta ruwa tsararo suke dafawa, kuma sha'ir na zuwa da ɓawonsa, ɓawon ne ke zama matata a cikin kwando. Geronmu niƙaƙƙe ba shi da wannan, ya kuma yi kauri da zarar ya ji zafi. Zafin duka daga faranti ɗaya yake fitowa, abu mai kauri ba ya motsi a kansa.

Abin da ya fisshe ni shi ne na daina dafa kunun a cikinta, na koma dafa shi a cikin ruwanta. Na samo dogon bokitin inoks mai lita 12 da ke shiga kwandon, na zuba ruwa a tukunyar ya kewaye bokitin, famfo na zagaya ruwan. Kunu ba ya taɓa faranti, ba ƙonewa.

Duk mai yin kunun zaƙi ta san tsarin: a jiƙa gero, a niƙa da kayan ƙamshi, a raba biyu, a dama babban kashin da tafasasshen ruwa, a bari ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen kashin da aka haɗa da busasshen dankali ko tsiro. Mahaifiyata da yatsa take gane lokacin zubawa, kuma ba ta cika kuskure ba. Ni kuwa wata rana ya yi zaƙi, wata rana ya zauna da kaurinsa, wata rana ya yi tsami kafin ya yi zaƙi. Abin da ke cikin dankali da tsiro mai mayar da sitaci sukari yana da zafin da yake so, tsakanin digiri 60 da 70. In damun ya haura wajen 80 aka zuba, an kashe shi. In ya yi sanyi da yawa, aikinsa ya yi nawa, tsami ya riga shi. Masu haɗa giya wannan zafin suke nema su riƙe, shi ya sa aka yi tukunyar tun farko, kuma shi ne daidai abin da kunun zaƙi ke bukata. Yanzu ina dama babban kashin, in jira ya sauko 68, in zuba na dankalin, in sa bokitin a ruwan da ke riƙe da 65. Cikin awa ɗaya da rabi ya tsinke ya yi zaƙi, kullum iri ɗaya, kuma sukarin da nake ƙarawa ya ragu sosai.

Gaskiya biyu a nan. Ta ɗaya, kunun da aka yi haka ba shi da ɗan tsamin nan na wanda ya kwana. Tsofaffin masu saye sun lura. Na gyara da barin geron ya ƙara jiƙa, wani lokaci da ɗan ruwan tsamiya. Ta biyu, lita 12 ba ta isa ranar azumi, sai na yi mai kauri in tsinka daga baya, ko in yi zubi biyu. Kuma kada a dogara da allon shi kaɗai: ma'auninsa a gindi yake kusa da faranti, abin da ke cikin bokiti yakan yi ƙasa da shi da digiri biyu ko uku. Na sayi ma'aunin zafi na hannu, na gwada shi a ruwan ƙanƙara ya nuna sifili, da shi nake aiki.

Bututun sanyaya, yadda aka tsara shi, ba na garinmu ba ne. Ana so a jona shi da famfon gida ruwa ya yi ta wucewa yana zuba a ƙasa. A Damagaram, inda ake kwanaki famfo bai kawo ba, muna sayen jarka wurin ƴan ga-ruwa, wa zai yi haka? Ga shi a watan Afrilu ruwan da kansa ɗumi gare shi. Ƙanena ya samo ɗan famfon da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, muka jefa shi a baho. Ruwan farko da ke fitowa da zafi ina tare shi don wanke-wanke, in zoɓon ya sauko wajen 45 sai in zuba ƙanƙara a bahon in bar ruwan yana zagayawa. Saurin sanyayar nan ba ado ba ne. Abu mai zaƙi in ya daɗe da ɗumi a zafin garinmu lalacewa yake yi, ya fara kumfa, kuma ni ba zan sayar wa mai azumi abin da nake shakka ba. Tiyon da ruwa mai zafi ke bi na canza shi da na silikon. Tiyon ban-ruwa na kasuwa yana laushi yana sa wa abin sha warin roba.

Wanki ba wuya. Farin dattin da ruwa ke bari a faranti ina cire shi da ruwan lemun tsami mai ɗumi, famfo na zagayawa minti ashirin, in bi da ruwa mai kyau. Ba soson ƙarfe, ba jabel, ruwan nan mai sa kaya fari, don jabel na huda inoks. Da hunturu ina lulluɓe ta, duk wata kuma in cire wuta in hure ƙurar da ke taruwa wajen allon.

Wadda sana'arta zoɓo ce da citta da tsamiya, tana da wuta tsayayya da safe, ta kuma ware kuɗin mai gyaran wuta tun kafin na tukunya, ta saya. Wadda kunun gyaɗa ko koko ko fura ne abin sayarwarta, kada ta ɓata kuɗinta, abu mai kauri ba nata ba ne. Murhun itacena yana nan ban rushe ba, don ranar da aka ɗauke wuta ana tsakar dahuwa shi ke ƙarasa aikin. Abin da ya rage mini yanzu famfo na biyu ne na ajiya, don babu irinsa a kasuwar nan. Na riga na ba ƙanena hoton lambarsa ya duba mini in ya koma Kano.