Gyaran injin wanke kwanukan da ya daina ɗumama ruwa: aikin wani mai gyara a Agege

Injin wanke kwanuka bai yawaita a gidajen Legas ba, shi ya sa idan ya samu matsala mai shi kan rasa wanda zai kira, domin galibin masu gyara sun fi sabawa da firji da injin wanki. Ina dafa abincin biki da na suna, kuma injina na hannu ne, wato wanda aka taɓa amfani da shi, da aka shigo da shi daga Turai. Da ya daina ɗumama ruwa, wani mai ƙaramin shago a Agege ne ya duba shi, kuma na ga ya dace in bayyana yadda aikinsa yake.

Injin yana ɗibar ruwa, yana fesawa, yana zubarwa kamar kullum, amma farantai na fitowa a jiƙe da sanyi, manja ya daskare a jikinsu, sabulun ma bai gama narkewa ba. Irin wannan injin ruwan sanyi yake sha, shi da kansa yake kai shi digiri 50 zuwa 70, kuma zafin nan ne ke narkar da maiƙo, ya kuma sa kwanuka su bushe.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa ko kusa ɗaya ba sai da ya yi tambaya. Ya ce, “Hajiya, da wace wuta kike kunna shi, ta Nepa, janareto ko inbata?” Ya bayyana mini cewa hitar injin tana jan kusan wat 2,000, nauyin da ƙaramin janareto ko inbatar gida ba sa iya ɗauka, kuma idan wutar da ya kamata ta zo da bolt 230 ta faɗi zuwa 180, ƙarfin hitar kan ragu zuwa wajen wat 1,200, sai a ɗauka ta mutu alhali wuta ce ba ta ishe ta ba. Ya sa mitarsa a soket, ya tarar wutar ranar a cike take.

Daga nan ya zare filogi, ya kwantar da injin, ya auna hitar. Mitar ta nuna om 26 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wucewar wuta), wanda shi ne daidai ga hita mai wannan ƙarfi. Da ta ƙone, da mitar ta nuna layin a yanke. Ɗan abin da ke jin zafin ruwa ma lafiya lau, domin da ya tsoma shi a ruwan ɗumi lambar mitar ta riƙa sauka. Sai a kan fanel, allon da ke sarrafa aikin injin, aka ga cutar: dalmar da ke riƙe da ƙafar rile, wato makunnin da ke sakar wa hita wuta, ta ƙone ta yi baƙi. Kafin zuwansa wani ya ce mini ta waya in sayi sabuwar hita, ba tare da ya ga injin ba. Da na bi wannan shawara, da kuɗi sun tafi, ruwa kuma yana nan da sanyinsa.

Ya samo sabon rile a kasuwar Alaba da ke Ojo, ya ɗaura, ya jira har ruwan ya ɗauki zafi a gabana, sannan ya miƙo mini tsohon. Ya kuma nuna mini farin dattin da ruwan burtsatse ya tara a ciki, ya ce in riƙa zuba gishirin da aka yi domin injin, kada in sa na girki.

Inda ya gaza shi ne wajen cika alkawarin lokaci. Ranar da ya ce zai dawo bai zo ba, bai kuma kira ba, kuma duk da kowa ya san cunkoson hanyar Ojo, mai sana'a irina tana bukatar a sanar da ita don ta nemi masu wanke-wanke. Ba ya ba da rasit, garantinsa ma na fatar baki ne. Kuɗin aikinsa dai bai yi tsada ba, kuma ya ware shi daban da na kaya. Zan sake kiransa, amma duk wanda zai ba shi aiki ya sa ya rubuta abin da ya canza da tsawon garantin a takarda. Masu injin Amurka mai bolt 120 kuwa su nemi wani, domin ya ce ba ya gyara irinsu.