Buhun PICS: ajiyar wake ba tare da guba ba

Ƙwaron da ke huda wake tun daga gona yake biyo amfanin, ya ci gaba da hayayyafa a cikin buhu, ta yadda waken da aka ɗinke lafiya lau da kaka kan koma gari da ramuka kafin bazara. Saboda haka manoma da 'yan kasuwa da dama suka dogara da ƙwayar gubar kashe ƙwari da ake kira bom, wasu ma har da feshin Sniper, wanda ba a yi shi don abinci ba. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Buhun PICS (gajeren sunan Purdue Improved Crop Storage), wato buhu mai leda biyu, an yi shi ne domin a rabu da wannan hanya baki ɗaya.

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro binciken tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sannan daga 2007 aka shiga yaɗa buhun a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Ƙirarsa ba ta da wuyar fahimta: leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa daga waje wanda ke ɗaukar nauyi da gogayya. Idan aka ɗaure shi, ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100, kuma yanzu har masara da dawa ana ajiyewa a ciki.

A gwajin da na yi, buhun ya cika alkawari. Waken da na kwance da damina ya fito da haskensa, babu wari, ba a kuma buƙaci a shanya shi ana jiran guba ta fita kafin a kai madafa. Wanda na ware don iri ma ya tsira yadda ake so.

Sai dai buhu ne da ba ya yafe ganganci, kuma a nan ne yawancin masu kuka da shi suke tuntuɓe. Dole waken ya bushe sosai, irin wanda idan aka ciza zai ce ƙwas, domin danshin da aka rufe a cikin leda ba shi da mafita, ƙarshensa ruɓa. Dole a sheƙe shi a fitar da tsakuwa da kara, don tsinke ɗaya ya isa ya huda ledar. Kafin a zuba, yana da kyau a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta a matsa, a saurara ko tana fitarwa. Bayan an zuba kuma, kowace leda ɗaurinta daban: a matse iskar, a murɗe bakin, a lanƙwaso shi a ɗaure tamau, sannan a koma kan ta biyu, buhun waje ya zo ƙarshe. Magidancin da zai riƙa buɗewa kullum ana ɗibar na cefane gara ya ware na ci a wani mazubi, domin yawan buɗewa yana mayar wa ƙwarin numfashi.

Ɓera ma abin lura ne. Ƙanshin hatsi ba ya fita sosai balle ya jawo shi, amma haƙorinsa ya fi ƙarfin leda, don haka a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango.

Kuɗinsa ya ninka na buhun gama-gari, kuma wannan ne ke sa mutane ja da baya. A ganina lissafin bai cika ba sai an haɗa da kuɗin maganin da ba a saya ba, da tazarar farashin wake tsakanin kaka da damina, da kuma cewa buhun da aka kula da shi yakan yi shekara biyu zuwa uku yana aiki. Babbar damuwa ita ce jabu, masu siririyar leda, da suka cakuɗa da na ainihi a wasu kasuwanni. Mai saye ya nemi dillalin kayan noma da ya amince da shi, ya duba tambarin, ya kuma zaro ledojin biyu ya taɓa kaurinsu kafin ya biya.