Jirgin Mini-500 bai dace da sararin Sakkwato ba

Wani Alhaji da nake gyara wa injunan ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa ya nuna mini tallar wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a intanet, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mai shi ya harhaɗa da hannunsa, ya ce in duba masa kafin ya tura kuɗi. Sunan jirgin Mini-500, kamfanin Revolution Helicopter na jihar Misuri a Amurka ne ya ƙera shi, kuma kamfanin ya rufe tun 1999.

A ido dai jirgin yana da kyau, kujerarsa ɗaya, farashinsa kuma bai kama ƙafar na jiragen da aka gama haɗawa a masana'anta ba. Yabona ya tsaya nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne injinsa, wato Rotax 582 mai ƙarfin doki 64, wanda yake ƙona fetur tare da man inji kamar ƙaramin janareta. Injin ba shi da laifi a ƙananan jirage masu fukafuki, inda yake samun sassauci da zarar an ɗaga sama, amma jirgi mai saukar ungulu yana matsa masa tun daga tashi har sauka, kuma idan zafi ya yi yawa sai fistin ya kumbura ya maƙale, injin ya mutu ba sallama. Kamfanin Rotax da kansa ya rubuta a littafin injin cewa yana iya tsayawa farat ɗaya. Idan hakan ta faru, daƙiƙu kaɗan matuƙi yake da su ya kwantar da farfela domin iska ta ci gaba da juya ta, in ya makara jirgin ya faɗo kamar dutse. Da yake kujera ɗaya ce, babu inda malami zai zauna ya koya masa wannan dabara a cikin jirgin. An yi asarar rayuka a cikinsa a Amurka, masu shi kuma sun koka da jijjiga da tsagewar ƙarafan jikinsa.

To, sai a ɗora yanayin garinmu a kai. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, iska ta yi sakayau, ƙarfin inji ya ragu daidai lokacin da farfela take neman ƙari, sannan ƙurar hunturu ta zo ta toshe matatar iska ta ci bakin farfela. Kayan gyaran jikinsa ma suna da wuyar samu tunda kamfanin ya rufe, kuma ban yarda a kai sandar da take juya farfela wurin mai walda ba, komai gwanintarsa, balle kuma a tashi ba da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ba.

Na ce masa: “Alhaji, don girman Allah ka bar kuɗinka. Idan tuƙin ne ya shiga ranka, ka fara neman horo a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya.”