Wane anti-bairos na kyauta ya dace da kwamfutar gida?

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta dawo daga wani shagon buga takardu, ta soka filas ɗinta a laftof ɗin gida, sai ga babi uku na firojet ɗinta sun koma shotkat, kowanne da 'yar kibiya a gindi. Ta danna, shiru. "Yaya, aikina ya tafi!" Bai tafi ba, bairos ne ya ɓoye fayilolin, kuma mun dawo da su kafin la'asar. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne anti-bairos har uku ne a cikin kwamfutar, wanda ya sayar mana da ita ya zuba su a matsayin gyara, kuma babu ɗaya da aka sabunta tun ranar.

Saboda haka kafin a kai ga sunaye, a san cewa anti-bairos mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayi. In bai samu sababbin hotuna ta intanet ba, ɓarawon bana zai yi masa sallama ya wuce. A nan Sakkwato, inda yawancin kwamfutocin gida ba sa hawa intanet sai an kunna musu data daga waya, wannan shi ne ma'aunin farko.

Mu fara da wanda ke cikin gida. Duk mai Windows 10 ko 11 yana da Microsoft Defender, ba sai ya sauke komai ba. A da raina shi ake yi, kuma da dalili, amma ya daɗe da wuce nan. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana auna waɗannan manhajoji ta fuska uku, wato kariya da sauri da sauƙin amfani, maki 6 kowace, kuma Defender kan fito kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye. Ba ya talla, ba ya cewa ka biya. Rauninsa shi ne yana dogara sosai da intanet wajen gane sabon bairos, kuma gwaje-gwajen AV-Comparatives ta Ostiriya sun sha nuna cewa ganinsa kan ragu idan babu layi. Maganin ba wuya: sau ɗaya ko biyu a mako ka haɗa kwamfutar da data, ka shiga Windows Security ka sabunta da hannunka. In kuma kwamfutar ba ta hawa intanet ko kaɗan, Microsoft na ajiye fayil ɗin sabuntawar a shafinsa, sunansa mpam-fe.exe, sai a sauke a wani wuri a kawo.

Avast da AVG da Avira su ne aka fi sani a shagunan gyara, mutane na musu a kansu kamar masu gardamar ƙwallo. To 'yan gida ɗaya ne. Avast na ƙasar Cek ya sayi AVG a 2016, NortonLifeLock ya sayi Avira na Jamus, sannan a 2022 ya haɗe da Avast suka zama Gen Digital. Avast da AVG ma inji ɗaya suke amfani da shi, riga ce kawai ta bambanta. Wajen kama bairos ba su da laifi. Sai dai kyautar tasu da ƙugiya a ciki: kana tsaka da aiki jan allo zai faɗo maka, wai an gano matsala kaza a kwamfutarka, ka danna sai ka tarar da farashi da dala. Dattijon da bai saba ba tsorata yake yi. Akwai kuma batun sirri. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga, ta hannun reshensa Jumpshot wanda aka rufe a 2020. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya karanta kowane allo lokacin sakawa, ya cire alamar yarda daga ƙarin manhajojin da bai nema ba.

Bitdefender na Romaniya yana da na kyauta, kuma in dole sai na bar Defender, nan zan nufa. Shiru-shiru ne, ba shi da tarin maɓallai, sai dai zai sa ka buɗe asusu da imel. Kaspersky na Rasha gwani ne a gwaje-gwaje, amma Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilin tsaro. Haramcin nasu ne, bai shafi Nijeriya ba. Kowa ya auna da kansa.

Sai Smadav, mai koren tambari, wanda da wuya ka shiga shagon buga takardu a garin nan ba ka gan shi ba. Daga Indonesiya yake, ƙarami ne, kuma gwanintarsa filas: yana kama bairos ɗin shotkat, yana fito da fayilolin da aka ɓoye. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke shi a matsayin babban mai gadi, alhali masu shi da kansu kariya ta biyu suke kiransa. Haka Malwarebytes na kyauta yake. Bayan kwanakin gwaji ba ya tsaron ƙofa, sai ka kira shi ya share gida. Waɗannan biyun za su iya zama tare da Defender lafiya lau.

Manya biyu kuwa ba sa zama a kwamfuta ɗaya, ko a daji ba a haɗa zakuna biyu a rami. Da ka saka wani, Defender da kansa yake ja da baya. Amma Avast da Avira tare a laftof ta hannu mai ram giga 4, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, fanka za ta yi ta kuka kamar injin markaɗe, ka danna Word ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba.

A duba shekarun Windows ɗin ma. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma Defender ɗin da ke cikinsa ba cikakken anti-bairos ba ne. Windows 10 ma tallafinsa ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Anti-bairos ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows ɗin kansa, don haka kwamfutar da za ta iya ɗaukar Windows 11 a kai ta.

Abu ɗaya da babu manhajar da za ta cece ka daga shi: kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita ba tare da biya ba. Idan mai gyara ya ce maka "Alhaji, bari in kashe anti-bairos in sa maka wanga kyauta", da hannunka ka buɗe ƙofa. Bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin STOP/Djvu, ta manhajojin sata ya fi yaɗuwa. Har da anti-bairos mai tsada da aka fasa ana rabawa a filas, kura ce da fatar akuya.

A laftof ɗinmu na cire ukun nan duka, na bar Defender ya dawo bakin aiki, na ƙara Smadav saboda filas ɗin da ke yawo tsakanin gida da makaranta. Ƙanwata kuma yanzu duk babin da ta gama sai ta tura wa kanta ta imel, sannan in za ta buga takarda ta mayar da ita PDF ta aika wa mai shago ta WhatsApp, filas ɗin na cikin jaka.