Kifi a tanki, alayyafo a tsakuwa: kayan da za ka saya da waɗanda za ka guje wa kafin ka haɗa su da sola a Bauchi

Mai son kafa kiwon kifin da ake haɗawa da lambu, wanda ake kira akwafonik, yawanci farashin tanki yake fara tambaya. Tanki kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin kayan. Inda kuɗinka da ran kifinka suke shi ne abin da zai ci gaba da juya ruwan nan daga magariba zuwa hantsi, lokacin da babu rana, kuma ba ka da tabbacin wutar gari.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Kifi ya ci abinci, ya fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi idan ta taru. Famfo ya tura ruwan zuwa wurin shuka, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can su mayar da amoniyar naitirayit, sannan naitireti, wanda shi ne takin da saiwa ke sha. Ruwan ya komo wa kifi a tace. Bakteriyar nan tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta zauna a sabon wuri, kuma tana buƙatar iska dare da rana. Idan ruwa ya tsaya, ita da saiwa da kifi duk suna shan wahala.

Tsari uku ake tallatawa. Na bututun PVC da ake huda masa ramuka a jera latas ya fi kyau a hoton Facebook, amma a zafin Maris da Afrilu ɗan siririn ruwan da ke ciki zafi yake ɗauka, kuma famfo ya tsaya na awa guda da rana, shuka ta yi yaushi. Na biyu, wanda ake ɗora shuka a kan farin soson nan mai yawo bisa ruwa, na mai noman sayarwa ne: sai da matatar kashi daban, sai da injin iska mai ƙarfi da ke hura iska cikin ruwa, duk ƙarin nauyi ne a kan batir.

Ni na uku nake so, wato kwamin tsakuwa. Kwami ne mai zurfin santimita 30 cike da tsakuwa, ruwa ya cika shi ya janye, ya cika ya janye. Tsakuwar ita ce matata, ita ce gidan bakteriya, ita ce kuma ƙasar shuka, aiki uku da kuɗi ɗaya. Duk lokacin da ruwa ya janye, iska na shiga har ƙasan kwamin. Idan famfo ya tsaya, damshin da ke tsakanin tsakuwa yana riƙe saiwa na sa'o'i, ka samu sararin gyara. Kuma tana ɗaukar shuka mai nauyi. Alayyafo, lalo, rama, yakuwa, ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna tashi tun farko. Tumatir, attaruhu da kuɓewa sai tsarin ya yi 'yan watanni, kifi ya girma, taki ya yi ƙarfi. Uwargida za ta fi jin daɗin wannan, don abin miya ne take tsinka a bayan ɗaki ba sai an je kasuwar Muda Lawal ba.

Janye ruwan hanya biyu ne: ko sifon, bututu biyu ɗaya cikin ɗaya da ke zuƙe ruwan da kansa idan ya kai wani tsayi, ko agogon lantarki da ke kunna famfo minti 15 ya kashe minti 45. Ga mai sola, agogon ya fi, don ya rage cin wutar famfo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sharaɗin shi ne injin iska ya zauna a kunne.

Tsakuwa kuwa Allah ya hore mana ita a Bauchi. Fasasshen dutsen gini mai ƙarfi, girman santimita 1 zuwa 2, a wanke shi har ruwan ya fita fari. Kafin ka biya kuɗin tifa, ɗiga ruwan binega a kan 'yan ƙwayoyi. Idan ya yi kumfa, farar ƙasa ce a ciki, za ta riƙa ɗaga pH ɗin ruwanka, wato ma'aunin tsaminsa, sama da 7, shuka ta kasa shan sinadarin ƙarfe, ganye ya yi rawaya. 'Yan'uwanmu na Gombe su fi kula da wannan, tunda dutsen farar ƙasar da ake yin siminti da shi a Ashaka a yankinsu yake. Ruwan famfon gari kuma a bar shi a buɗe kwana biyu kilorin ya fita.

Kifi: tarwaɗa. Tana shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, saboda haka daren da wuta ta ci amana ba lallai ka wayi gari da gawa ba, kuma ba ka rasa mai saye. Karfasa ta fi tsabtar ruwa, amma tana haihuwa a tanki har ta cika shi da ƙanana, kuma iska ta yanke ita ce ta farkon kifewa. Kada ka cika tanki kamar masu kiwon kududdufin siminti da ke zubar da ruwa kullum. Tankin lita 1,000 kada ya wuce kilo 20 na kifi idan sun girma, kuma ma'aunin gaskiya a wajen abinci yake: kimanin giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye.

Yanzu lissafin wuta. A ce famfonka wat 40 ne, injin iska wat 20, duk suna aiki ba tsayawa. Wat 60 sau awa 24 ya ba da wat-awa 1,440 a rana, kuma awa 14 da babu rana mai amfani za su ci 840 daga batir. Farantin sola na wat 400 zuwa 500 zai ɗauki wannan, da ɗan rara saboda ƙurar hunturu da markar Agusta. Ka sayi famfon DC mai bolt 12 ko 24 da ke jonuwa kai tsaye da batir. Wanda ya ce maka sai ka sayi inbata don famfon wat 40, inbatar yake son sayarwa, don wata tana cin wutar da ta kai ta famfon ko ba a jona mata komai ba.

Batirin mota ba na wannan aikin ba ne. Mai ruwa, dogon nan na amfiya 200, yana aiki, amma rabinsa kawai ya kamata ka riƙa ja, sai ka riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma zafi na rage masa kwana sosai; ɗakin ajiya mai rufin kwano a bazarar Bauchi ba wurinsa ba ne. Ni litiyom nau'in LiFePO4 nake ba kowa shawara. Na bolt 12 amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,280, kana iya jan kashi 80 cikin 100 kowane dare, ya yi shekaru yana yi. Tsada ce da shi ranar saye kawai.

Amma fa duk wannan lissafin a kan kayan gaske aka yi shi, kuma a nan ne kasuwar sola ta lalace. An taɓa sayar mini da batir mai sheƙi cikin kwalinsa, da rantsuwar sabo ne, ashe tsoho ne aka wanke aka liƙa masa takarda. Kafin asuba yake saki. Tarwaɗa ta tsira, bakteriya ta mutu, ruwa ya yi wari, sai da aka sake tayar da tsarin daga farko. Tun daga nan ba na sayen batir sai an ɗora shi a sikeli. Mai ruwa na amfiya 200 yana kusan kilo 60. Litiyom na amfiya 100 yana tsakanin kilo 10 da 13. Wanda ya gaza haka da yawa, rubutun jikinsa ƙarya ne. Nauyi ma ba hujja ce cikakkiya ba, don haka ka nemi a caja shi ya cika, a jona masa abin da ka san cin wutarsa, ka ga awa nawa zai yi. Mai shagon da ya ƙi wannan, ka yi masa sallama.

Faranti ma haka. Takardar bayansa kowa na iya bugawa. Farantin zamani yana ba da kimanin wat 200 a kowace murabba'in mita, saboda haka tafi da tef ɗin awo. Wanda bai kai murabba'in mita ɗaya da rabi ba aka rubuta masa wat 500, ba sai ka kira injiniya ba. Duba fuskar a rana: tsaga, canjin launi, ko alamar ƙuna a baya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke ba batir. Iri biyu ne, PWM mai araha da MPPT mai tsada, sai a ɗauko na farko a buga masa sunan na biyu. Illar ba ƙarama ba ce. Babban faranti yana fitar da bolt 30 zuwa 40. MPPT na gaske yana sauko da shi daidai batirin bolt 12 ya mayar da rarar ta zama ƙarin caji, PWM kuwa zubar da ita yake yi, ka rasa fiye da rabin ƙarfin farantinka kana ta zagin batir. Na gaske yana da nauyi saboda naɗin wayar da ke cikinsa, kuma amfiyar da yake ba batir ta fi wadda yake karɓa daga faranti. Na bogi kamar kwalin ashana yake a hannu. Waya kuma kankare bakinta da wuƙa: idan fari ya fito ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa tagulla.

Tankin IBC, na robar nan mai kejin ƙarfe, kusan duk na hannu ne. Tambayi abin da ya ɗauko, ka buɗe ka shinshina. Wanda ya ɗauki kayan abinci shi ake so. Na sinadarin masana'anta ko maganin ƙwari, ko kyauta ne bar shi. Bututun tagulla da kwanon rufi mai zinki kada su taɓa ruwan. Lambar da ke kwalin famfo, lita kaza a awa, ta lokacin da ba ya ɗaga ruwa sama ce; duba abin da yake bayarwa a tsayin mita ɗaya da rabi, ya iya juya ruwan tankin duka cikin awa guda. 'Ya'yan kifi kuma akwai masu haɗa tsumburarrun da suka ƙi girma da sababbi, ka yi ta ba su abinci suna nan jiya i yau. Sayi masu ɗan girma, kai ɗaya, a inda ka ga iyayen, don manyan tarwaɗa cinye ƙanana suke yi.

Sai masu haɗawa da ke cewa tsarin yana ciyar da kansa. Wutar ce kaɗai kyauta. Abincin kifi saye za ka yi, ganyen zogale da tsutsa ƙari ne kawai. Ruwa kana cikawa saboda tururi, faranti kana gogewa a hunturu, sinadarin ƙarfe kana ƙarawa idan sabon ganye ya yi rawaya, kuma maganin feshi ba ya shiga wurin ko kaɗan. Idan wani zai haɗa maka, Malam, ku rubuta cewa cikon kuɗinsa sai tsarin ya kwana uku a jere a kan batir kaɗai, kai da kanka ka fito da asuba ka ga ruwa na zuba.