Sharhi kan kwas ɗin sarrafa jirgi maras matuƙi da na yi daga Gombe

Ni ma'aikacin safiyo ne a Gombe, kuma na daɗe ina awon filaye da ƙafata kafin ofishinmu ya sayi jirgi maras matuƙi, wanda wasu ke kira kurman jirgi, ƙirar DJI Phantom 4 Pro. Da aka rasa wanda zai sarrafa shi yadda ya kamata, sai na yi rajistar wani kwas na zango biyu a wata jami'a ta Amurka mai koyarwa ta intanet. Tun da na kammala, abokan aiki na nan Gombe da na Bauchi suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma ɓangaren da ya fi amfanata shi ne wanda na raina tun farko, wato duba ayyukan 'yan ajinmu.

Wannan fanni ya daɗe da zama a jami'o'in Amurka, domin tun a 2009 Jami'ar Dakota ta Arewa ta fara ba da digiri a kansa, kuma alamar wannan gogewa ta bayyana a darussan zango na farko. An koya mana yadda farfela ke ɗaga jirgi, da yadda ake karanta rahoton yanayi irin wanda matuƙa ke amfani da shi, da yadda ake kula da batir. A nan na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai: kamfanin ya ce jirgin yana kai kusan minti 30 a sama, amma a watan Afrilu ba na samun haka. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka sai farfela ta ƙara gudu kafin ta ɗauki nauyin da take ɗauka cikin sauƙi a lokacin sanyi, batir kuwa shi ke biyan bashin. Iyakar zafin da aka ƙayyade wa jirgin digiri 40 ne, wanda a bazarar Gombe ba baƙon abu ba ne, shi ya sa na mayar da duk wani tashi zuwa bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye. Haka kuma na daina ajiye batir a cike na tsawon kwanaki, tun da aka nuna mana cewa hakan ke sa shi kumburi.

Ɓangaren doka ne ya fara ba ni takaici. Makonni aka kwashe ana bitar Sashe na 107 na dokokin hukumar sufurin sama ta Amurka, wanda ya fara aiki a 2016: kada jirgi ya wuce ƙafa 400 daga ƙasa, kada ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, kuma a riƙa iya hangen nisan mil 3 kafin a tashi. Ƙa'idoji ne masu ma'ana, na ƙarshen ma ya dace da mu sosai a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe gari. Sai dai ko sau ɗaya ba a ambaci Nijeriya ba, alhali a wannan shekarar ta 2016 hukumar kula da sufurin sama ta Nijeriya, wato NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba, kuma a dokokinta na 2023 ta ware musu Sashe na 21. Duk wannan da kaina na nemo na karanta. Jami'ar da ke karɓar dalar ɗalibin Afirka ya kamata aƙalla ta gaya masa ƙarara cewa dokar da yake haddacewa ba ita za ta kare shi ba idan aka kama shi yana shawagi kusa da filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti.

Tsarin duba aikin juna kuwa ga yadda yake. Duk bayan mako biyu kowane ɗalibi zai miƙa rahoton tashin da ya yi, da shirin da ya tsara kafin tashi, da hotuna, da taswirar da ya haɗa. Daga nan sai a turo masa rahotanni uku na 'yan ajin ya duba, ya ba da maki bisa ma'aunin da malami ya shimfiɗa, ya rubuta dalili. Da farko na ɗauka wayo ne kawai na rage wa malamai aiki, kuma har yau ban janye wannan zato gaba ɗaya ba.

Wahalar da na fara sha ta kara ce. Mu a nan ba mu saba mu dubi tsaranmu mu lissafa masa kurakuransa a rubuce ba, shi ya sa rahotannin farko da na duba na cika su da yabo. Malamin ya mayar mini da su, ya rage mini maki, ya ce yabon da ba ya nuna shafi da layi ba dubawa ba ne. Na ji zafi, amma da na koma na karanta aikin wani ɗalibi a tsanake, sai na ga ya rubuta cewa ya tashi a tsayin mita 100 a kan wani tudu, alhali lambar da rimot ke nunawa tana ƙirga tsayi ne daga inda jirgi ya tashi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. A gindin tudun ya tashi, don haka da ya isa samansa tazararsa da ƙasa ba ta kai rabin abin da ya rubuta ba, lissafin taswirarsa duka ya karkace. Ina rubuta masa wannan gyara gabana yana faɗuwa, domin na tuna cewa irin kuskuren nan na tafka a wani aiki da na riga na miƙa wa ofis. Na karanta wannan darasi a zango na farko, har na ci jarrabawarsa, amma bai zauna mini ba sai da na gan shi a aikin wani.

Nawa aikin ma bai tsira ba. Babban aikina na ƙarshe taswirar wani kwari ne da zaizayar ƙasa ta haƙa a gefen gari, irin waɗanda duk mazaunin Gombe ya san yadda suke cin gidaje da damina. Na tashi a mita 100, inda kowane ɗigon hoto ke ɗaukar kimanin santimita 2.7 na ƙasa, na sa hotunan suna hawa kan juna da kashi 80 cikin ɗari ta gaba da kashi 70 ta gefe, kamar yadda aka koyar. Taswira ta fito gwanin sha'awa. Wata ɗaliba da ban taɓa jin muryarta ba ta lura cewa alamomin da na kafa a ƙasa don daidaita awon duk a layi ɗaya na jera su, a bakin hanya, saboda nan ne ke da sauƙin takawa. Ta nuna cewa ɗaya gefen kwarin ba shi da abin da ke riƙe shi, don haka zurfin da na auna can ba abin dogaro ba ne. Mai safiyo ne ni, ya kamata a ce ni ke koya wa wani wannan. Na koma na warwatsa alamomin a kusurwoyi huɗu da tsakiya, na sake tashi, zurfin kuwa ya sauya sosai.

Ba duk masu dubawa ne haka ba. Da yawa layi biyu suke rubutawa su wuce, kuma jami'ar ba ta da hanyar ɗaukaka ƙara mai sauri idan wani ya zaftare maka maki ba bisa ƙa'ida ba. Wani ya rage mini maki saboda na ware kwana guda a shirina don ziyartar mai unguwa, wai ɓata lokaci ne tunda doka ba ta nema ba. Bai san gidajenmu ba. Tsakar gida a buɗe take, nan mata ke girki da wanki, kuma kyamarar da ke sama ba ta san katanga ba. Da na je na ce, “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne, jirginmu zai bi ta kan kwarin nan gobe da safe,” sai ya tambaye ni ko zai ratsa ta kan gidaje. Na nuna masa layin tashin a waya, ya sa na janye shi daga gidaje biyu na bakin kwarin, sannan ya haɗa ni da ɗansa don ya riƙa kore yara daga wurin sauka. Darasin sirrin jama'a da aka yi mana a kwas ɗin bai wuce shinge da tagogi ba, sai da na rubuta dogon bayani kafin malamin ya mayar mini da makina.

Wanda zai shiga ya san cewa darussan kai tsaye da ƙarfe takwas na darensu ake yi, wanda ke kamawa ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a nan, kuma loda ɗaruruwan hotuna yana cinye data ba kaɗan ba. Dole ne ya mallaki jirgi ko ya sami na aro, domin manhajar kwaikwayon tashi da suke bayarwa ba ta san guguwar farkon damina ba. Ga mai safiyo ko malamin gona da ke da jirgi a hannu, ina ganin kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda burinsa ɗaukar bidiyon biki ne kawai, wannan kwas ya yi masa nauyi da tsada. Takardar shaidar kuma ta jami'a ce, ba lasisin tashi a Nijeriya ba, wannan sai an nema daban daga NCAA.