Kayan Gyaran Sitenles na Injin 3D: A Tambayi Irin Gashin da Aka Yi Musu

Duk mai injin casar shinkafa a Argungu ko Kamba ya san ɓarnar buntu: akwai sinadarin yashi a jikinsa, kullum yana cin ƙarfe. Haka farfelar injin ban ruwa da ke jan ruwan Rima mai rairayi. Idan kayan gyara ya yi wuyar samu har za a bugo maka shi a injin 3D, wanda ke narka garin sitenles da hasken leza ya gina kayan, jin sunan ƙarfen bai isa ba. Gashin da aka yi masa a tanderu bayan bugawa shi ne magana.

Galibi nau'in sitenles mai suna 316L za a fara tallata maka. Yana jure tsatsa, amma wuta ba ta ƙara masa tauri, ragewa take yi. Yana fitowa daga injin da taurin wajen HV 220 (HV ma'aunin taurin ƙarfe ne), domin saurin hucewar narkakken ƙarfen yana barin wata saƙa mai ƙananan ido a cikinsa. Da an kai shi digiri 1050 na Salshiyas, saƙar ta warware, tauri ya faɗo ƙasa da 200. In shi za ka saya, a tsaya a digiri 650 na awa 2, tun yana manne da farantin bugawa, don kada ya karkace wajen yankewa.

Inda buntu ko yashi ke guga, nau'in 17-4PH muka fi yarda da shi. Gashinsa biyu ne: digiri 1040 na minti 30, ya huce sarai, sannan 482 na awa 1, wato gashin da ake kira H900. Jan ƙarfen da ke cikinsa, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, sai ya fito mitsi-mitsi ya ɗaure shi, tauri ya haura HRC 40 (HRC wani ma'aunin tauri ne dabam da HV). Wurin da ke shan duka kuwa gashin H1025 ya fi, digiri 552 na awa 4. Taurin ya ɗan ragu, amma bai cika tsagewa ba. Inda ake cutar mai saye shi ne tsallake gashin farko. Musamman in da iskar naitirojin aka yi garin, wani sashe na ƙarfen ba ya ɗaukar tauri, sai ka biya kuɗin H900 ka karɓi mai laushi.

Akwai nau'in 420 mai kai HRC 50, sai dai ya fi su saurin tsatsa a ruwa.

Kafin ka biya, a auna taurin a jikin naka kayan, a rubuta. A tabbata cikar ƙarfen, wato rashin ramuka a cikinsa, ta wuce kashi 99.5 cikin ɗari, domin daga bakin ƙananan ramukan ciki yake fara ɓantarewa. Tanderun kuma ya zama na iskar agon ko wanda aka zuƙe wa iska.